Abin da Ke Sa Gero Tsada a Illela

'Yan'uwa manoma na Lafani, kun sha tambaya: ga damina ta yi albarka, me ya sa gero ya yi tsada a kasuwar Illela? Amsar ba a gona kaɗai take ba.

Illela da Birnin Ƙonni dangi ne tun kafin Ingila da Faransa su shata iyaka a 1906. Iyakar nan ta bar mu da kuɗi iri biyu, Naira da sefa. In Naira ta faɗi, kamar yadda ta yi daga 1986, mai sefa yakan ga hatsinmu da araha, ya kwashe tun da kaka. Manomi ya yi murna, bazara ta zo ya koma awo da tsada. Da aka rage darajar sefa da rabi a 1994, dabbobin Nijar ne suka yi mana araha.

Gwamnati takan rufe iyaka, kamar a 1984, 2019 da 2023. Kaya ba su daina ƙetarawa ba, sai dai ta daji, kuɗin wahalar kuwa daga hannun manomi ake cirewa.

Saboda haka ma'ajin ƙungiya ya riƙa tambayar canjin sefa kafin a buɗe rumbu.