Gyara Da Adana Tsofaffin Hotuna A Gida: Misali Daga Ƙasar Zurmi

1.0 Gabatarwa

Kalmar "hoto" baƙuwa ce a Hausa, an aro ta daga Ingilishi, amma ta daɗe da zama 'yar gida har ta haifi kalmomi irin su "mai hoto" da "wankin hoto". Ita kuwa "manhaja" daga Larabci ta zo, kuma da can tsarin karatun makaranta take nufi, sai daga baya aka faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi tsarin umarnin da ke sa kwamfuta ko wayar hannu ta yi wani aiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda ake amfani da manhajoji wajen gyara hotuna da tsara su a gida, tare da duban abin da hakan ke nufi ga tarihi da al'adun mutanen Zurmi da Ƙaurar Namoda da Shinkafi.

2.0 Dalilin Damuwa

A wannan yanki hoton takarda yana da maƙiya da yawa. Akwai gara da kyankyaso, akwai laimar damina wadda ke manne hoto a jikin gilashi, ga zafin bazara da ƙurar hunturu. Hoto mai kala ya fi baƙi-da-fari saurin lalacewa, domin rinin da ke cikinsa kala uku ne, kuma ba tare suke koɗewa ba. Shi ya sa hotunan shekarun 1980 da yawa suka koma jaja-jaja.

Daɗin daɗawa, tun wajen 2011 rashin tsaro ya addabi arewacin Zamfara, ya tilasta wa ƙauyuka da dama yin gudun hijira. Wanda ya fito da gudu da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar akwatin hotuna. Sau da yawa kuma hoto guda ne kaɗai shaidar kamannin mahaifin da ya rasu, ko ta gidan da aka ƙone. Saboda haka adana hoto a nan ya wuce sha'awa, ya zama hanyar tsare abin da jikoki za su gani.

3.0 Manhajojin Da Ake Amfani Da Su

A 1975 ne Steven Sasson na kamfanin Kodak a Amurka ya ƙera kyamarar farko da ba ta buƙatar fim. Irin wannan kyamara tana mai da hoto ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da lambar da ke nuna launinsa da haskensa, kuma waɗannan lambobi su ne manhaja take canzawa idan ana gyara. Photoshop ta fito a 1990, kuma ta kuɗi ce. GIMP ta biyo baya a 1996, kyauta ce, tana kuma aiki ko babu intanet. A wayar hannu akwai Snapseed, wadda Google ya saya a 2012. Wajen tsara hotuna kuwa akwai digiKam a kwamfuta, da Google Photos wadda ta fito a 2015.

4.0 Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne shigar da hoton cikin na'ura. Sikana ta fi dacewa, kuma a kan same ta a shagunan buga takardu, musamman a gari irin Ƙaurar Namoda mai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Ƙaramin hoto yana son a ɗauke shi da ɗigo 600 a kowane inci, babba kuwa 300 sun isa. In babu sikana, sai a shimfiɗa hoton a inuwa da hantsi, a ɗauka da waya daga sama sosai ba tare da walƙiya ba. A ɗauki bayan hoton ma, domin hatimin mai hoto ko rubutun ajami da ke wurin yakan faɗi shekara ko suna.

Mataki na biyu shi ne a ajiye wannan kwafi na asali, a yi aiki a kan wani dabam. Dalili kuwa, yawancin hotuna suna cikin tsarin JPEG ne, wanda aka fitar a 1992, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa a wannan tsari, hoton yana ɗan rasa ingancinsa.

Mataki na uku shi ne gyaran kansa. Ana daidaita haske da duhu, a cire jan da ya rufe hoton ta hanyar nuna wa manhaja wani abu da aka san fari ne, kamar rawani ko farar riga. Tabo da wurin da ya karye kuma ana rufe su ta hanyar kwafo launi daga gefensu. Hoton takardar ba a yar da shi, ba a kuma manna masa leda da zafi, domin wannan ba ya warwaruwa.

5.0 Haɗarin Gyaran Da Ya Wuce Kima

Akwai sababbin manhajoji, irin su Remini, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda cikin daƙiƙa kaɗan sukan fitar da fuska tangaram daga hoton da ya dushe. Abin lura shi ne, ba su dawo da abin da ya ɓace ba, kintace suke yi bisa ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai. Saboda haka suna iya ɗaukar tsagar gado ta Bazamfare ko ta Bagobiri a matsayin karce su share ta, haka bille ko 'yar baka. Suna iya haskaka fata, su dagula aikin aska takwas na babbar riga, ko su sauya naɗin rawanin da ke bambanta basarake da malami. Tun da yake al'adar tsaga tana gushewa, hotunan dattawa suna cikin 'yan shaidun da suka rage game da ita. Masu iya magana kan ce garin neman gira a rasa ido. Haka nan launin da manhaja ke shafa wa hoto baƙi-da-fari zato ne kawai, don haka ya wajaba a rubuta cewa an gyara shi, a kuma ajiye shi tare da na asali.

6.0 Tsarawa Da Sa Suna

Hoton da ba a san na wane ne ba ya rasa rabin amfaninsa. Hanya mai sauƙi ita ce a raba hotuna bisa sha'anonin rayuwa: suna, aure, saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, hawan salla da tafiya aikin hajji. Sunan kowane hoto ya fara da shekara, sannan gari, sannan sha'ani, alal misali "1985 Moriki saukar karatu". Ta haka na'ura za ta jera su da kanta bisa shekaru.

A nan akwai matsaloli biyu da suka shafi harshe da al'ada. Ta farko ita ce ta haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya rubuta "Ƙaura" yau, gobe ya nemi "Kaura", na'ura na iya ce masa babu. Ya kamata gida ya zaɓi hanya guda ya tsaya a kanta. Ta biyu ita ce kunya. Mace ba ta kan faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta, sai laƙabi, kuma da yawa jikoki laƙabin kaɗai suka sani. Don haka sai a nemi dattawa da dama a tambaye su, a rubuta sunan yanka da laƙabi duka tun suna raye. In ba a tuna shekara ba, a kan gano ta ta hanyar abin da ya faru, kamar ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ko zamanin wani Sarkin Zamfaran Zurmi.

7.0 Inda Za A Ajiye

Waya takan faɗa ruwa, a kan kuma ƙwace ta a hanya. Ajiya a intanet tana da amfani, amma ita ma ba a dogara da ita kaɗai ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara na tsawon makonni, wanda duk hotunansa ke intanet bai iya ganin su ba. Kamfanoni kuma sukan sauya ra'ayi: Google ya daina kula da manhajar Picasa a 2016, a 2021 kuma ya janye ajiyar kyauta marar iyaka ta Google Photos. Abin da ya fi shi ne kwafi uku: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a katin ajiya, ɗaya kuma wurin ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato ko Kano. In za a aika ta WhatsApp, a aika a matsayin takarda, domin hanyar da aka saba tana matse hoton ta rage ingancinsa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa manhaja kayan aiki ce kawai, amfaninta ya danganta da hankalin mai riƙe da ita. Hotunan sarakuna da malamai da kasuwanni da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaurar Namoda, wadda layin dogo ya kai a 1929, dukiyar al'umma ce baki ɗaya. Zai kyautu iyalan da ke da irinsu su ba da kwafi ga cibiyoyin tarihi, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, domin masu bincike na gaba su amfana.