Takardar Shaidar Rashin Aure: Guzurin Mai Neman Aure a Wata Ƙasa

Mu mutanen ƙasar Daura bakin iyaka muke zaune. Daga Kongolam hanya ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram, daga Babban Mutum kuma zuwa Magarya. Samarinmu suna ƙetarewa neman abinci ko karatu, waɗansu har Faransa da Ingila, can kuwa sukan ga wadda suke so.

A gida kowa ya san tuzuru, ya san gwauro, ya san bazawara. In fasto ya yi shelar aure a ekklesiya, mai magana sai ya tashi ya faɗa. Amma a baƙuwar ƙasa wa ya san asalinka? Don haka hukumar ɗaurin aure ta can takan ce baƙo ya kawo takardar da ta nuna ba shi da aure a gida.

Ga yadda akan bi. Da fari mutum ya yi rantsuwa a rubuce a Babbar Kotu, ya nemi takardar shaida a ofishin rajistar aure. Sa'an nan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatimi, ofishin jakadancin ƙasar da za shi ya tabbatar. Inda ake aiki da Faransanci, sai an fassara ta. Wanda matarsa ta rasu ya haɗa da takardar mutuwa, wanda kotu ta raba aurensa ya haɗa da takardar kotu. Kada a karɓe ta da wuri ainun, gama waɗansu ƙasashe ba su karɓar wadda ta daɗe.

Ga inda da yawa suke tuntuɓe. Wani yakan ce, tun da ba a rubuta aurensa na ƙauye ba, ai shi saurayi ne. Ba haka ba ne. Auren al'ada aure ne. Dokar Aure ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1914, ta yanka ɗaurin shekara 5 ga mai matar al'ada da ya ɗaura auren rajista da wata dabam. Wanda ya rantse bisa ƙarya ya cuci mata biyu, ya jefa 'ya'yansa cikin rigimar gado, zai kuma amsa a gaban Allah.

Iyaye da dattawan ekklesiya, in baƙo ya zo neman 'yarmu, mu ma mu tambayi takardarsa, mu rubuta wa faston garinsu tun ba a karɓi sadaki ba.