Kayan Gyaran da ke Zuwa da Tsohuwar Marsandi

Duk wanda ya saba bin hanyar Aliero zuwa Jega, ya wuce Maiyama, ya san akwai wuraren da in taya ta yi faci sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga bakanike. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan kayan gyaran da ke cikin but ɗin mota, musamman tsohuwar Mercedes-Benz, wadda muke kira Marsandi.

Mu ɗauki samfurin W123, wanda aka ƙera a Jamus daga 1976 zuwa 1986. Takan zo da jak, da sufanar taya, da filaya, da sukudireba, da 'yan sufanoni a naɗe cikin ƙyalle. Yawancin masu saye fenti da kujeru suke dubawa, ba su buɗe but sai ranar wahala.

Jak ɗin shi ne abu na farko. Ba a ƙarƙashin mota ake cusa shi ba. Yana da hannu wanda ake zurawa cikin wani rami a gefen motar, kusa da kowace taya. In mai sayarwa ya musanya shi da na Fijo, wannan rami ba shi da amfani, kuma wanda ya ɗaga motar a inda bai dace ba zai lotsa ƙarfen ƙasanta. A kuma leƙa ramin, domin tsatsa takan cinye shi. Sufanar taya lamba 17 ce. A gwada ta nan take a gaban mai motar, kada a ji kunya.

Wajen ajiya, ruwa ne babban abokin gāba. Da damina yakan tsiyaya ta robar murfin but ya kwanta a ramin safaya, ba wanda ya sani. A goge kowane ƙarfe da ɗan mai, a naɗe cikin ƙyalle. Leda tana riƙe gumi, ba mu ba da shawararta ba. Bayan hunturu a wanke ƙurar da ta shiga haƙoran jak, a sa sabon giris.

Sai batun aro. Mu 'yan ikilisiya ba ma hana ɗan'uwa, amma sufanar da aka ara ran Lahadi bayan sujada, a karɓo ta kafin a kama hanyar Yawuri ran Litinin.