Abin da ya sa murar tsuntsaye ke kashe kaji ta bar agwagi

A gidaje da dama na Tudun Jukun a Zariya, kaji da agwagi wuri ɗaya suke kiwo, kasko ɗaya suke shan ruwa. Amma idan murar tsuntsaye ta shigo, sau da yawa kaji ne ke zubewa cikin kwana ɗaya ko biyu, agwagi kuwa suna ta harkarsu. Dalilin yana cikin ƙwayoyin gado.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna. Wannan ne karon farko da aka tabbatar da shi a kaji a nahiyar Afirka.

Yadda garkuwar take aiki

Jikin agwagwa na da ƙwayar gado mai suna RIG-I, wadda aikinta ya yi kama da na manhajar kariya a waya. Da zarar birus ya kutsa cikin tantanin jiki, sinadarin da take samarwa zai gano shi, ya sa a saki wani sinadarin mai suna intaferon. Shi kuma intaferon ya gargaɗi tantanan da ke maƙwabtaka su toshe hanyar hayayyafar birus.

A 2010, masu bincike a Jami'ar Alberta da ke Kanada suka nuna cewa kaza ba ta da RIG-I. Da suka dasa ta agwagwa a tantanan kaza a ɗakin gwaji, sai yaɗuwar birus ɗin ta ragu. Kaza na da wata mai kama da ita, MDA5, sai dai ba ta cike giɓin gaba ɗaya.

A China ma ana nazarin irin waɗannan ƙwayoyin gado a jikin salamanda, ƙaton dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare da tsawonsa kan kai mita 1.8, bayan wani birus ya yi ɓarna a gonakin kiwonsa a 2010.

Abin lura ga mai kiwo

Agwagwa na iya ɗauke da birus ba tare da wata alama ba, tana zubar da shi a kashinta da ruwan sha. Saboda haka a raba musu keji da kasko. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada a taɓa mushe da hannu tsirara, domin cutar na iya kama mutum. A gaggauta sanar da likitan dabbobi.