Uwargida, Ko Kin Taɓa Hawa Dala?

Kwanan baya a wani gidan suna a cikin birnin Kano na tambayi matan da muke zaune tare, wace ce ta taɓa hawa Dutsen Dala. Sai aka bushe da dariya. Wata dattijuwa ta ce a gindinsa aka haife ta, a gindinsa aka yi mata aure, har ta aurar da 'ya'ya, amma ba ta san abin da ke bisansa ba. Ga baƙi kuwa suna biyan kuɗin jirgi su zo su hau.

To, uwargida, shawara na kawo miki yau. Ki roƙi maigida yini ɗaya tak ku fita ku biyu, ba asibiti ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ganin gari kawai. Na san abin da zai fara cewa, wai mutane za su kira shi mijin-ta-ce. Kada ki yi gardama, kada kuma ki tare shi da maganar yana shigowa da yunwa. Bari ya ci ya sha, sa'an nan ki kawo ta cikin raha. In kina da abokiyar zama, a sa fitar ranar girkinki, ita ma a yi mata tata ranar. In ba haka ba, yini ɗaya zai jawo miki gabar shekara. Yara a kai su gidan kaka. Ku guji Juma'a saboda cunkoson masallaci.

Ku yi sammako, ku karya da koko da ƙosai, ku nufi Dala kafin rana ta yi zafi. Ki bar takalmi mai tsini a gida. Akwai matakala, amma sai kin huta a hanya, kuma ba abin kunya ba ne. Nan ne asalin Kano, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna da mutanensa tun kafin zuwan Musulunci. Daga sama za ki hango Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da rufin gidaje iyakar ganinki. Ki sa maigida ya nuna miki unguwarku. Za ki yi mamakin ƙanƙantar wurin da kika yi shekaru ba ki wuce shi ba. Da hunturu hazo yakan rufe kome, don haka bayan ɗaukewar ruwan sama ya fi kyan gani.

Daga nan sai ku gangara kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta. Tarihin Kano ya ce shi ne kuma ya fara kulle. Wato mutum ɗaya ya kafa kasuwa, ya kuma rufe mu a gida. Allah ya jiƙansa, ni dai yau mun fito. Lungunan matsattsu ne, ki riƙe jakarki da kyau, ki bi bayan maigida. Akwai dukawa da jakunkuna da takalman fata, ga ƙore, ga kayan ƙamshi, ga turaren wuta. Amma kada ki mai da fitar ta zama cefane. Namijin da aka tatse aljihunsa a fitar farko ba ya yarda da ta biyu. Abu ɗaya ya isa.

Abincin rana kuwa, tun da kuna kusa da Jakara, kada ku wuce gurasa. Mata ne ke gasa ta a tanderu a cikin gidajensu. Ki ce a yi muku bandashe: a ɗan jiƙa gurasar, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. In ba ki iya ci a idon jama'a, a ƙunshe muku ku nemi inuwa. Wata cikinmu tun da aka kai ta ɗaki ba ta taɓa cin abinci tare da mijinta ba, balle wanda ba ita ta sha hayaƙinsa ba. A bi da fura da nono.

Bayan azahar ku shiga Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, wanda aka mai da shi gidan kayan tarihi. Akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Ki ɗaga kai ki dubi daurin gugan soraye, da ƙasa aka yi shi da azara, ba siminti. Ku 'yan makaranta, in an tafi da ku wata rana, ku riƙe littafi da fensir. Sarki Gijimasu, 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ga ta nan yau tana zaizayewa, wani wurin ma an yi gidaje a kanta.

Marinar Ƙofar Mata ita ce ta ƙarshe. An ce tun 1498 ake rini a wurin, da baba da toka a cikin rijiyoyi. Yawancin rijiyoyin yanzu ba a aiki da su. Ki tsaya ki ga yadda marini ke tsoma zane ya ɗago shi ya sha iska, yana fitowa kore-kore yana komawa shuɗi a gabanki. Ɗaurin da ke fitar da zanen furen nan kuwa, mata 'yan'uwanki ne ke yinsa a gida da zare, galibinsu ba su taɓa zuwa sun ga inda ake tsoma shi ba.

Ku kama hanya kafin magariba. A tsaya wurin mai tsire a yi ƙunshi uku, na yara, na abokiyar zama, da na uwar miji. Nata ya fi kowane girma, kuma ki kai mata da hannunki tun yana da zafi.