Sabon Windows Cikin Rigar Tsoho

Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme da Kore Mairuwa, aikin ofis ya daɗe da barin injin buga takarda ya koma kan kwamfuta, wadda ma'aikatan Nijar suka fi sani da ordinatar. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, da kuma ɗaga Tibiri zuwa matsayin gunduma a 2011, takardun da ake bugawa a ƙasar Arewa sai ƙaruwa suke yi. Galibin masu buga su kuwa sun koyi aikin ne a kan Windows XP, wanda ya fito a 2001, ko Windows 7 na 2009.

To, kamfanin Microsoft ba ya jiran kowa. A 2012 ya fitar da Windows 8, ya cire maɓallin nan na Démarrer da ke kusurwar hagu ta ƙasa, inda hannun kowane sakatare ya saba zuwa ko da idonsa na rufe. Ƙorafi ya yi yawa a duniya har aka maido da shi shekara guda bayan haka. A 2021 kuma Windows 11 ya zo ya ɗauke maɓallin ya kai shi tsakiya, ya kuma taƙaita jerin umurnin da ke fitowa idan aka danna linzami ta dama. Mai kallo daga nesa zai ce ƙaramin abu ne. Amma ga ma'aikacin da manoma suka yi wa layi ranar kasuwa, kowa na jiran takardar haihuwar ɗansa domin a sa shi lakwal, laluben abin da da can yake hannu ɓata lokacin jama'a ne.

Maganin wannan bai kai a kira mai gyara ba. A cikin Paramètres, sai a shiga Personnalisation, a zaɓi Barre des tâches, a nemi wurin daidaita jerin, a mayar da shi hagu. Cikakken jerin umurni na da kuwa yana nan bai ɓace ba: a riƙe maɓallin Maj sannan a danna linzami ta dama, sai ya bayyana.

Wanda yake son kamannin Windows 7 sosai yana iya sa wani ɗan tsari na kyauta. Asalinsa Classic Shell ne, wanda wani masani mai suna Ivo Beltchev ya fitar a 2009. Da ya ajiye aikin a ƙarshen 2017, waɗansu masu sa kai suka ci gaba da shi da sunan Open-Shell. Sai dai a ɗauko shi daga tushensa, domin kile mai yawo daga ofis zuwa ofis shi ne babbar hanyar da cuta ke bi ta shiga injin. A ofishin gwamnati kuma, neman izinin shugaba ya zo gaba da kome.

Abin da ya kamata a rarrabe shi ne riga da jiki. Mayar da sabon tsari kamannin tsoho ba shi da wani lahani. Zama a kan tsohon kansa shi ne haɗari. Microsoft ya daina aika gyaran tsaro ga XP ranar 8 ga Afrilu 2014, ga Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ga Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, sai fa wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle injunan da ba a sa wa gyara ba a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kundin haraji ko na filaye na wata karkara bai fi nasu kariya ba. Wahalar ita ce Windows 11 yana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin injunan hannu ba su da shi. Irin waɗannan, idan dole a ci gaba da su, gara a raba su da intanet, a kuma riƙa kwafe kundayensu a wani wuri dabam.

Akwai wuri guda da komawa baya bai dace ba ko kaɗan, kuma ya shafi malaman yaƙi da jahilci kai tsaye. A da, haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sai da zubin rubutu na musamman ake samun su, shi ya sa tsohuwar takarda, idan aka buɗe ta a injin da ba shi da wannan zubi, lanƙwasassun haruffan suke rikiɗa su zama waɗansu alamomi. Yau Windows yana da jerin maɓallan Hausa nasa, kuma harafin da aka buga da shi yana fita daidai a kowane inji har da wayar hannu. An dai shirya shi ne bisa jerin QWERTY na Nijeriya, saboda haka wanda ya saba da AZERTY zai sami A da Q sun yi musanyar wuri, haka ma Z da W, sai ya ɗan yi kwanaki kafin yatsunsa su saba.