Rage Ƙiba: Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Idan likita ya shawarce ku da rage ƙiba, kada ku ɗaukar wa kanku burin da ya fi ƙarfinku. Zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata 6 yana sassauta hawan jini da ciwon sukari. Mai kilo 80, alal misali, kilo 4 zuwa 8 zai nema. Rabin kilo a mako ya wadatar.

Ku rage malmalar tuwo da lemon kwalba, ku yawaita zogale da wake, ku yi tafiyar sauri ta minti 30, kwana 5 a mako. Ku guji shayin ramewa na kasuwa: ruwan jiki yake zubarwa, kitse na nan daram. Mai ciki kuwa, kada ta fara sai da shawarar ungozoma.